Tafiya Mabuɗin Ilimi: Ranar Bankwana da Tsibirin Baƙar Tsakuwa

Masu bibiyar wannan fili za su tuna cewa makonni uku ke nan ana bin sawun wasu ƴan Nijar uku da suka tafi ziyarar ƙara sani a tsibiran Kanari na ƙasar Ispaniya. Na farko wani dattijo ne manomin hatsi daga gundumar Illela, ta biyu wata hajiya ce shugabar matan da ke noman albasa a yankin Madawa, na uku kuma wani matashin malamin gona ne daga Maraɗi, wanda shi ke yi musu tafinta. Yau an iso ga ranarsu ta ƙarshe, wadda suka yi a kudancin tsibirin Lanzarote, tsakanin duwatsu masu aman wuta da bakin teku. Ita ce ranar da ta fi gajiyar da su, ita ce kuma ta bar musu tambayar da suka komo gida da ita.

Kafin a shiga labarin ya kamata mai karatu ya san inda ake magana. Lanzarote yana cikin tekun Atlantika, kimanin kilometir 125 daga gaɓar Maroko, alhali tsakaninsa da Ispaniya mai mulkinsa akwai wajen kilometir 1,000. Faɗinsa murabba'in kilometir 846 ne, mutanensa sun haura 150,000. Babu kogi ko guda a cikinsa, kuma ruwan saman da ke sauka a shekara bai cika kaiwa milimetir 150 ba, wato kusan abin da Agadas ke samu. Tawa takan samu ninki biyu na wannan ko fiye, Maraɗi ninki uku. Duk da haka mutanen tsibirin suna noman albasa da dankali da masara da inabi, kuma kakanninsu sun yi ta yin haka ba tare da ban ruwa ba. Son ganin yadda ake yi shi ne ya kai baƙin can.

Bayan sallar asuba da karin kumallo motarsu ta bar Arrecife, babban birnin tsibirin, ta nufi kudu maso yamma. Gidajen ƙauyukan da suka ratsa farare ne tas, ƙofofi da tagogi kore ko shuɗi, kuma babu manyan allunan talla a bakin hanya. Jagoransu ya ce hannun wani mai zane ne ɗan tsibirin, César Manrique, wanda aka haifa a 1919 ya rasu cikin haɗarin mota a 1992. Shi ne ya yi ta jan kunnen magabata da kada a bar kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido su ɓata kamannin ƙasar, kuma an saurare shi gwargwadon hali. Da suka wuce garin Yaiza sai fari ya ƙare, ƙasa ta juya baƙa ƙirin, tudu da kwari duk dutse ne mai kaifi mai huji-huji, kamar an tara kashin maƙera na duniya duka an zube shi wuri guda. Babu itace, babu ciyawa, babu ko sawun akuya.

Wannan fili shi ake kira Timanfaya, kuma a da can yana cikin wuraren da suka fi albarkar alkama da sha'ir a tsibirin. Ran 1 ga watan Satumba na 1730, da dare, ƙasa ta tsage, wuta ta fito. Limamin cocin Yaiza na lokacin, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abin da ya gani da idonsa: yadda tudu ya tashi daga ƙasa cikin dare guda, yadda narkakken dutse ya malala kamar ruwa ya cinye ƙauyuka, yadda dabbobi suka faɗi matattu saboda mugun tururi, da yadda teku ta watso matattun kifaye a gaɓa. Abin bai tsaya ba sai a 1736, wato kusan shekara shida. Narkakken dutse ya rufe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin, ƙauyuka irin su Timanfaya da Santa Catalina da Mazo suka ɓace ƙarƙashinsa, mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa tsibiran maƙwabta. Inda dutsen bai kai ba kuwa, iska ta kai toka da baƙar tsakuwa ta binne gonaki. Wutar ta sake tashi a 1824 na ƴan watanni, daga nan ba ta ƙara fitowa ba. A 1974 gwamnatin Ispaniya ta mai da wurin gandun ƙasa mai faɗin murabba'in kilometir 51.

A ƙofar gandun suka iske raƙuma gurfane a jere, kowane da kujeru biyu a rataye, ɗaya dama ɗaya hagu, an sa musu takunkumi, Turawa suna biyan kuɗi ana zagaya da su gindin tudu. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, domin bai taɓa ganin an hau raƙumi a gefe ba. Raƙuman nan asalinsu na Afirka ne, tun ƙarni na 15 aka fara tsallako da su, kuma su ne suka yi wa mutanen tsibirin huɗa da dakon kaya har zuwan manyan motoci. Yau aikin da ya rage musu shi ne ɗaukar baƙi.

A kan wani tudu da ake kira Islote de Hilario aka nuna musu cewa wutar barci kawai take yi. Wani ma'aikaci ya sa shebur ya ɗebo tsakuwa daga ƙarƙashin ƙafafunsu ya zuba wa kowa kaɗan a tafin hannu, babu wanda ya iya riƙe ta. Ya jefa busasshiyar ƙaya cikin wani rami, kafin a ƙifta ido ta kama da wuta. Ya zuba bokitin ruwa cikin wani bututun ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ruwan ya komo sama tururi da ƙara kamar harbin bindiga. A wasu wurare na tudun, a zurfin metir 13, zafin yakan kai digiri 600. Akwai gidan abinci a wurin da ake gasa nama bisa wata rijiya, babu itace babu gawayi, zafin ƙasa kaɗai ke aikin. Hajiya ta daɗe tana leƙen rijiyar, sannan ta ce da Allah ya ba matan Madawa irin wannan murhu da itatuwan daji sun huta. Wanda ya san Ayar ba zai rasa abin tunawa a nan ba, domin can ma akwai tsofaffin duwatsun da suka taɓa aman wuta, ga kuma ruwan zafi na Tafadek.

Daga nan aka sa su cikin babbar motar gandun, ta zagaya da su hanya mai tsawon kilometir 14 tsakanin bakunan duwatsun, wasu ja, wasu rawaya, wasu baƙi. Ba a yarda kowa ya sauka ba. Kusan shekara 300 ke nan da wutar, amma akasarin abin da ya iya tsira bisa dutsen wani ɗan tsiro ne mai kama da gansakuka, saboda ƙarancin ruwan sama. Da suka sauka dattijon ya sunkuya zai ɗebi tsakuwa ya ƙulle a bakin rawani don ya nuna wa mutanen gida, sai jagora ya shaida masa cewa doka ta hana ɗaukar ko ƙwaya guda. Ya mai da ita inda ya ɗauko, ya kaɗe hannu.

Da rana ta take suka gangara gaɓar yamma, inda narkakken dutsen ya ci karo da teku ya daskare. A El Golfo akwai wani tsohon dutse mai aman wuta da igiyar ruwa ta cinye rabinsa, aka bar cikinsa a buɗe, ana ganin hawa-hawan toka kamar an yanka shi da wuƙa. A gindinsa akwai ɗan tabki kore shar, ƙananan tsirran ruwa ne suka ba shi launin, baƙin rairayi ya raba shi da teku. Nan suka ci kifi a ƙauyen masunta, suka haɗa azahar da la'asar irin ta matafiya. Kaɗan a kudu akwai Los Hervideros, wato wurin tafasa, inda teku ta ƙwaƙule koguna a ƙarƙashin dutsen, igiyar ruwa na shiga da ƙarfi tana fitowa ta ramuka da kumfa, ƙasa na rawa ƙarƙashin mai kallo. Dattijon, wanda kafin wannan tafiya bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar ƙauyensu ba, ya tsaya nesa yana tasbihi.

Gaba kaɗan kuma ga magina gishirin Janubio. A da wurin mashigar jiragen ruwa ce, narkakken dutse na shekarun 1730 ya toshe bakinta ta zama tabki. A 1895 aka fara gina fangulan gishiri a gefensa da baƙin dutse da yumɓu, ana jawo ruwan teku daga wannan fangali zuwa wancan, rana da iska suna shanye shi har gishiri ya kwanta. A lokacin ganiyarsa wurin yakan ba da wajen tan 10,000 a shekara, domin masunta da shi suke adana kifi. Da injin sanyi ya zo sai kasuwar ta faɗi, yau kaɗan ake fitarwa. Baƙin sun gane aikin tun kafin a yi musu bayani, tunda ɗan Nijar ya san kantun Bilma da Fashi da ayarin da ke ɗauko shi. Abin da suka lura da shi shi ne, mashigar da wuta ta lalata ita ce mutane suka mai da wurin cin abinci.

Gaɓar nan mai daɗin kallo tana da wata fuskar. Duwatsun da baƙi ke ɗaukar hoto irinsu ne ke fasa kwale-kwalen ƴan Afirka masu neman shiga Turai ta teku. A watan Fabrairu na 2009 wani kwale-kwale da ya taso daga Maroko ya kife ƴan metoci kaɗan daga gaɓar Los Cocoteros, a arewa maso gabashin tsibirin, mutum 25 suka rasu, akasarinsu yara da matasa. A 2024 kaɗai mutum fiye da 46,000 suka iso tsibiran Kanari ta wannan hanya, ban da waɗanda teku ta ci. Da malamin gona ya fassara wannan, babu wanda ya tanka. Kowane daga cikinsu yana da ɗa ko ƙane da ya bar gona ya tafi cin rani, wasu kuma har yau babu labarinsu.

Da yamma ta fara yi motar ta juya cikin tsibirin, ta wuce ƙauyen Uga ta shiga kwarin La Geria, kuma nan ne ainihin abin da suka zo gani. Daga bakin hanya har gindin duwatsu ƙasa baƙa ce, an haƙa mata dubban ramuka masu kama da mazurari. Wasu zurfinsu ya kai metir 3, faɗinsu taku shida ko fiye. A bakin kowane rami, ta gefen arewa maso gabas inda iska ke fitowa, an jera duwatsu an yi ƴar katanga mai siffar rabin wata, tsayinta bai kai ƙugu ba. A can ƙasan ramin kuma ga kuringar inabi guda kwance, ganyenta kore. A wasu ramukan ɓaure ne.

Dattijon ya tsaya a bakin rami ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya juya ga malamin gona ya ce: "Ɗana, ai wannan tassa ce. Tassa ce da rabin wata aka haɗa wuri guda, sai dai tasu ta ƙoshi."

"Haka ne, Baba," in ji malamin. "Amma mu sauka ciki, akwai abin da ba a gani daga sama."

Mai gonar, wani tsoho ɗan tsibirin, ya shige gaba suka bi shi. Ya durƙusa ya ture baƙar tsakuwar da hannu. Ta sama busasshiya ce mai ɗumi, amma da ya kai ga jar ƙasar da ke ƙarƙashi sai ya damƙo ta ya miƙa wa dattijon, ga ta da laima har tana dunƙulewa, alhali an kwana biyu ba a ga ruwan sama ba. Ya ce bayan wutar 1730 waɗanda suka ƙi ƙaura sun yi ta tonon tsakuwar don su kai ga gonakinsu da aka binne, sai suka lura cewa abin da aka dasa a ƙasan ramin ya fi wanda ke fili kyau. Tun daga nan ake haƙa har a iske tsohuwar ƙasa, a dasa a cikinta, a bar tsakuwar ta zama murfi.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Tsakuwar tana da huji-huji kamar soso, saboda haka duk ɗigon da ya sauka yakan nutse nan take, ba ya gudu ba ya kwasar ƙasa. Idan ƙasa tsirara take, ruwan cikinta yakan hau sama ta ƙananan kafofi kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, rana da iska su shanye shi. Tsakuwar ta yi girman da ruwa ba ya iya hawa ta cikinta, sai ya tsaya a ƙasa inda saiwa take. Tana kuma kare ƙasar daga zafin rana, tana hana ciyawa fitowa, da dare raɓar teku ta ƙara mata ɗan abin da ya samu. Ramin yana tattara ruwa ya kai shi gindin shuka, katangar kuma tana karya iska; da gangan ake barin kafofi tsakanin duwatsunta domin iskar ta ratsa a hankali maimakon ta tsallaka ta yi guguwa a cikin ramin. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma a La Geria maganar ta kusa zama gaskiyar ido.

Manoman da toka ba ta kai gonakinsu ba, da suka ga haka, sai suka shiga ɗauko tsakuwar da kansu, da farko bisa raƙuma, daga baya cikin kamiyo. Sukan gyara ƙasa su zuba taki, sannan su shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimetir 10 zuwa 15. Ranar shuka a ture ta, a sa iri ko dashe cikin ƙasa, a mai da ita. Shimfiɗa guda takan yi shekaru da yawa kafin ta cuɗe da ƙasa a sake ta. A irin wannan gona ce Hajiya ta ga albasa jere-jere cikin baƙar tsakuwa, babu rijiya babu injin ban ruwa, ko da yake yau wasu manoman suna ƙarawa da ɗan ruwan bututu. Ta tuna kuɗin man da injinta ke sha daga dashe zuwa cira, ta sa aka maimaita mata bayanin sau biyu. A tsakiyar tsibirin kuma, wajen San Bartolomé, inda iska ke kwaso farin rairayin teku, da rairayin ake rufe ƙasa a noma dankali da kankana da kabewa, a kafa ƴan darnuka na kara don tare iska. A 2025 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta sa waɗannan dabaru cikin jerin gadon noma na duniya.

Sai dai mai gonar bai ɓoye musu wahalar ba. Tarakta ba ta shiga ramin. Iska na mai da tsakuwa ciki kullum, dole a riƙa kwashe ta da shebur, a gyara katangar da ta rushe, a hau da inabin a ka ko a kafaɗa. Amfanin ekta guda kaɗan ne ƙwarai in an gwada da gonar inabi ta Turai, kuma akasarinsa matsa shi ake yi a yi giya, abin da bai shafi baƙin ba. Ya nuna musu wani gefe inda ramuka suka cike, katangu suka zube, domin masu su sun tsufa, ƴaƴansu kuma suna aikin otel. Tsibirin yakan karɓi baƙi wajen miliyan 3 a shekara, kuma albashin wata ya fi wa matashi sauƙi bisa jiran amfanin shekara. Ruwan sha ma ba daga sama yake zuwa ba. A da mutane suna tara ruwan sama a rijiyoyin gida, idan fari ya tsananta a kawo musu ruwa cikin jirgi. A 1964 aka kafa a Arrecife injin tace ruwan teku, na farko a Turai da ya shayar da gari, kuma yau kusan duk ruwan da ake sha a tsibirin daga teku ake tace shi da wutar lantarki.

A hanyar filin jirgi gardama ta tashi tsakaninsu. Hajiya ta ce abin ya burge ta, amma Nijar ba ta da dutse mai aman wuta da zai ba ta tsakuwa, saboda haka kallo kawai suka sha. Malamin gona ya ƙara da cewa bambancin ya ma wuce nan: ruwan Lanzarote cikin sanyi yake sauka, ga laimar teku, alhali na Adar da Gobir cikin wata uku yake zuba da ƙarfi, bayan rana mai digiri 40 da ɗoriya ta gasa ƙasa. Wanda ya kwafi ramin metir 3 ya kai Illela zai wayi gari da tabki, shukarsa ta ruɓe.

Dattijon ya bari suka gama, sannan ya tuna musu abin da ya faru a gundumarsu yana saurayi. A ƙarshen shekarun 1980 wani furoje na asusun FIDA ya kai manoma 13 na Illela yankin Yatenga a Burkina Faso, inda manoma irin su marigayi Yakuba Sawadogo suka inganta ramukan da ake kira zai. Mutanen Adar sun san tassa tun da can, amma ƙarama ce. Abin da matafiyan suka gano shi ne a faɗaɗa ramin ya kai wajen santimetir 30, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare, a zuba taki tun da rani. Kaɗan suka gwada da farko. Da damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin ramuka suka ba da hatsi inda na kusa da su suka ƙone, sai maƙwabta suka shiga kwaikwayo ba tare da an roƙe su ba, har aka kai mutane suna sayen fakon da a da ko kyauta ba a karɓa. "Hajiya," in ji shi, "waɗancan mutane ba su ɗauko ƙasar Yatenga cikin buhu ba. Awo suka ɗauko."

Maganar tana bisa hanya. Cikin abubuwa ukun da ke riƙe gonar La Geria, manomin Nijar ya riga ya mallaki biyu. Rami yana da shi, tassa da rabin wata sun farfaɗo da dubban ektoci a jahar Tawa, ga kuma aikin furojen Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, wanda mata suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka. Abin tare iska ma yana da shi, domin sassaben zamani da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980 ya mai da itatuwa wajen miliyan 200 cikin gonaki. Na ukun, wato murfi, shi ne ya yi ƙaranci. Da an gama girbi akan kwashe kara kaf, wani a yi darni, wani a hura wuta, wani a kai kasuwa don dabbobi, a bar gona tsirara tun daga hunturu har faɗuwar ruwa. Babu mai zargin talaka da wannan, tunda kuɗin kara yana cikin abin da ke kai shi damana. Amma manoma da kansu sun san cewa inda aka shimfiɗa kara ko rassan sabara da kalgo bisa fako, iska takan tara rairayi a wurin, gara ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga. Ko tsakuwar gama-gari ba abin rainawa ba ce, domin a lardin Gansu na ƙasar Sin manoma sun daɗe suna rufe gonakin kankana da tsakuwar kogi saboda wannan dalili.

Kafin su iso filin jirgin suka daidaita bisa abu ɗan ƙarami. Hajiya za ta ware fangali uku a garkarta: ɗaya a bar shi yadda aka saba, ɗaya a rufe da ƙaiƙayi da guntun kara, ɗaya da tsakuwar fako da aka tankaɗe. Za ta riƙa ƙidaya sau nawa kowane ya nemi ruwa, ranar cira kuma a auna albasar. Dattijon zai bar karan gefe guda na gonarsa, ya rufe bakin tassarsa da shi. Malamin gona zai zagayo ya rubuta abin da ya fito, ko mai daɗi ko marar daɗi. Irin wannan gwaji ba ya bukatar miliyoyi, kuma shi ya kamata magabata da masu furoje su fara tallafawa kafin a tara jama'a a yi musu jawabi. Ramukan La Geria da suka cike kuma suna ɗauke da nasu gargaɗin: dabara komai kyanta ba ta riƙe matashi a gona idan amfanin ba ya biyan wahalarsa. Muddin albasa na ruɓewa a rudu saboda rashin hanya da rashin mai saye da daraja, hannun da zai haƙa tassa zai ci gaba da neman mota zuwa Agadas.

Rana na faɗuwa bayan duwatsun Timanfaya suka shiga filin jirgin, wanda tun 2019 yake ɗauke da sunan César Manrique. Ma'aikacin da ya binciki jakar dattijon bai iske tsakuwa ko guda ba, sai wani ɗan igiya mai ƙulli uku da ya auna tsayin katanga da kaurin murfin da shi. Sun sauka Yamai washegari da dare, da sauran makonni kafin ruwan shuka, wato daidai lokacin haƙa da kai taki. Abin da fangulan uku suka nuna, wannan fili zai kawo shi in lokacinsa ya yi. Allah ya ba da damana mai albarka, ya komo da matafiya gida lafiya.